Sukar da Ba a Faɗi Dalilinta Ba

Asabar, 5 ga Yuli, bayan La'asar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya san adadin ɗigon ruwan da ke sauka a kan kwanon ɗakin nan, bai kuwa buƙaci mai rubuta Masa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalan gidansa. Ban rubuta wannan don wani ya karanta ba, amma takarda takan fi mai ita daɗewa. Duk wanda ta faɗa hannunsa ina yi masa sallama, ina kuma roƙonsa ya kyautata zato.

Ni ne Abubakar Siddiƙ, wanda ya koyar da Larabci a sakandare a nan Kafanchan har aka sallame shi da takardar yabo da agogon bango. Ɗaliban zaurena sun watse, wasu suna Kaduna, wasu suna kabari. Saura guda, autata Rahmatu. Tun da ta dawo daga bautar ƙasa muke karanta littafin sanin maruwaita hadisi bayan La'asar. Ita ke karantawa ina saurare, domin masu buga littattafai na yanzu sun ƙanƙanta haruffa ƙwarai. Niyyata idan mun sauke in rubuta mata ijaza da hannuna, kamar yadda malamina ya rubuta mini, ta zama ita ce mai riƙe da wannan ilimi a bayana.

Yau ba a yi karatu ba. Ta tafi gidan Silvanus, tsohon abokin aikina.

Litinin, 7 ga Yuli, da hantsi

Na tambaye ta abin da take yi a can kullum. Ina rubuta amsarta yadda ta faɗa, don kada in zalunce ta.

Ta ce, “Baba, akwai shaguna a intanet da ake sayar da wasannin bidiyo. Kowane wasa yana da lambarsa a shagon. Suna yana iya zuwa ɗaya, sai ka ga wasa uku sunansu guda, amma lamba ba ta haɗuwa. To akwai wani rumbun bayanai na kowa da kowa, mutane daga ko'ina suna zubawa suna gyarawa. Mu muna shigar da sunan wasa, da wanda ya yi shi, da shekara, da lambar.”

Na ce, “Wasa dai.”

Ta ce, “Ba bugawa muke yi ba, Baba, rajista muke yi. Wani ƙaramin shago ne za a rufe ƙarshen watan nan. Da an rufe, shafukan sun tafi. Yawancin masu wasannin ƙananan mutane ne, wani shi kaɗai ya yi nasa a ɗakinsa. In ba a rubuta ba, ba wanda zai san sun taɓa yin komai.”

Na ce ban ga abin da zai ragu a duniya ba idan an manta da su.

Sai ta yi dariya ta ce, “Ba kai ka koya mini cewa ba a barin maruwaici don ba a san shi ba? A rubuta sunansa da garinsa da malaminsa, hukunci ya zo daga baya. Kuma in mutum biyu suka yi suna ɗaya, wanda ya cakuɗa su ya zalunci dukansu.”

Wallahi na ji daɗi. Na fara gyara zama don in ƙara mata bayani, sai ta ce, “Haka na gaya wa Baba Silva, ya ce shi bai taɓa jin tsari mai kyau kamar wannan ba.”

Baba Silva.

Silvanus mutumin Fadan Kagoma ne, lissafi ya koyar, teburinsa yana jikin nawa a ɗakin malamai shekaru masu yawa. Matarsa Damaris ita ta yi jinyar mahaifiyar Rahmatu har Allah Ya karɓi abarsa. Ba ni da abin faɗa a kansu sai alheri. Ɗansu Yafet ya saka musu sola, saboda haka wuta ba ta yankewa a gidan, kuma shi ya haɗa uban da wannan aiki don kada zaman ritaya ya kashe shi. Duk wannan na sani. Ban dai san lokacin da ya zama Baba ba.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan La'asar

Na fita miƙe ƙafa, hanya ta bi da ni ta bayan tsoffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa. Ba gidansa na nufa ba.

Tagar falonsa a buɗe take. Na ji muryarta tana karanta lamba ɗaya bayan ɗaya, a tsanake, tana tsayawa inda ya kamata. Shi kuma yana bi a tasa kwamfutar, in ta kai ƙarshe ya ce, “Daidai.” Sai ta wuce ta gaba.

Wannan muƙabala ce. Haka ake gwada sabon kwafi da na asali, ɗaya na karantawa ɗaya na bi, ba a yarda da ido guda. Tana da shekara tara na zaunar da ita a kan buzuna na koya mata. Har ɗan numfashin da take ja kafin ta fara layi nawa ne.

Ya ce mata wani abu da ban ji ba, ta ce, “A'a, Baba Silva, duba dai, waccan ta bara ce, wannan kuma wani ne ya yi ta.” Ya ce, “Kai! Yarinyan nan zai kashe ni. Gaskiyanka ne.” Suka yi dariya.

Na tsaya har ruwa ya fara sauka. Ban yi sallama ba.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan Magariba

Ba a yi karatu ba. Littafin yana inda ta ajiye shi, tsinken tsintsiyar da take sa alama yana shafin da yake tun makon jiya.

Asabar, 12 ga Yuli, bayan Asuba

Na bincika zuciyata a kan sallaya. Abin da nake tsoro shi ne lalacewar lokacinta a kan abin da ba zai amfane ta ba ranar gobe. Wannan haƙƙin uba ne, kuma malamai sun yi magana a kan shagala. Babu wani abu ban da wannan.

Na sake bincikawa bayan na idar da wuridi. Babu wani abu ban da wannan.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan Azahar

Na jira har su Silvanus suka taso daga sujada a coci. Na same shi a gindin mangwaro bai ko cire kwat ba. Ya yi murna da ganina, ya ce, “Malam! Yau wane iska? Maman Yafet, kawo kujera, ga ɓataccen tunkiya ya dawo.”

Abin da na faɗa masa na faɗa, ba zan rubuta shi a nan ba. Ya daɗe yana goge tabarau da gefen rigarsa.

Ya ce, “Malam, ka tabbata? Saura kwana kaɗan mu gama. In an rufe shagon nan zai dawo maka gaba ɗaya.”

Na ce na tabbata.

Ya ce, “To. Yaronka ne, ba nawa ba. Amma in na ce kada ya sake zuwa, zai tambaye ni dalili. Ka san shi.”

Na ce, “Kai ka san abin da za ka ce. Sunana dai kada ya fito.”

Damaris ta kawo dafaffiyar masara. Ban iya ci ba, haƙorina yana damuna.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan La'asar

Ta tafi da safe, ba ta daɗe ba ta dawo. Ta shige ɗaki. Da aka yi La'asar ta fito da littafin ba tare da na kira ta ba.

An yi karatu. Alhamdu lillahi.

Talata, 15 ga Yuli, bayan La'asar

An yi karatu.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan La'asar

An yi karatu, kuma muna sauri fiye da da. Ya kamata in yi farin ciki.

Sai dai karatun ya sauya. Duk sunan da ta zo kansa sai ta maimaita shi, ta tsaya, ta ce, “Haka ne, Baba?” Sunayen da ta haddace tun tana firamare. Yau da gangan na ce wani maruwaici mutumin Basra ne alhali na san na Kufa ne, don in ji abin da za ta ce. Ta ce, “To, Baba,” ta wuce.

Rahmatu ce fa. Wadda ta taɓa yin gardama da ni a kan shekarar rasuwar wani malami har tuwo ya kama a tukunya, mahaifiyarta na faɗa daga madafa tana cewa mu biyun Allah Ya shirye mu.

Asabar, 19 ga Yuli, da hantsi

Tana ɗiga mini magani a ido ta ce, “Baba, ashe ban iya ba.”

Na ce me?

Ta ce, “Baba Silva ya ce aikina yana da kurakurai, wai mutanen rumbun sun yi ƙorafi, gara in huta. Na yi ta tunani. In lamba ma ban iya kwafa daidai ba, ina ga sunayen maruwaita? Ina ganin ka dakata da maganar ijazar nan. Kada in ɓata maka suna.”

Maganin ya gangaro mini har gemu, ta sa gefen mayafinta ta goge.

Kurakurai! Ɗalibata! Duk faɗin harshen Hausa da Turancin da yake taƙama da shi bai sami abin faɗa ba sai wannan?

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan Isha'i

Ko a cikin wannan hali na ji ta tana tambayar wata maƙwabciya ko Baba Silva yana shan maganin hawan jininsa. Mutumin da ya kore ta. Ni ban ji ta taɓa tambayar kowa lafiyata ba.

Na karanta abin da na rubuta a sama. Ita ke dafa abin da nake ci, ita ke ɗiga mini magani safe da yamma. Wa za ta tambaya? Astagfirullah.

Amma dai ta tambaya.

Talata, 22 ga Yuli, bayan Azahar

Na je. Wannan karon na yi sallama.

Na tarar ya zaunar da Damaris a kujerar Rahmatu, ta ɗora tabarau a kan hanci tana karanta masa lambobi kamar mai karanta takardar asibiti. Tana ganina ta miƙe ta ce, “Yauwa, Malam, Ubangiji ne ya kawo ka. Zo ka karɓi aikinka. Ni zumuntan matan coci na jirana, an sa ni kiran namba kamar kwandasta.”

Na ce da shi, “Baban Yafet, me ya sa ka ce wa yarinyar nan tana kuskure?”

Ya cire tabarau ya dube ni. “Me kake so in ce?”

Na ce, “Ka ce aikin ya ƙare. Ka ce kwamfuta ta lalace.”

Ya ce, “Aikin yana intanet, Malam, daga wayansa zai gani bai ƙare ba. Na ce ya huta, ya ce bai gaji ba. Na ce karatunku fa, ya ce zai roƙe ka ku koma yi da safe. Duk ƙofa da na bi ya tare. Abu ɗaya ne na san in na faɗa ba zai yi gardama ba, don kai ka koya masa tsoron kuskure. Shi na faɗa.”

Na ce, “Ka soki amanarta. A wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne.”

Ya ce, “A wurinmu ma. Rahmatu ba shi da mistek ko ɗaya. Mutanen can har saƙo suke turowa, ina wannan mai aiki mai tsabta ya shiga? Ni da nake dattijo a ikilisiya na yi ƙarya saboda kai, ran Lahadi na kasa ɗaga kai. Yanzu kuma ka zo da sanda kana mini faɗa.”

Damaris tana ɗaura ɗankwali ta ce, “Ku biyun nan tun kuna ɗakin malamai haka kuke. In ɗalibi ya gaishe da ɗaya da farko, ɗayan ba zai sha shayi ba. Malam, yarinya ba citta ba ne da za a ce in an ba wani buhu naka ya ragu.”

Na ce mata ba wannan ne zancen ba, zancen shagala ne.

Ta ce, “To, shagala. Sai na dawo.” Ta fita tana dariya.

Da zan tafi ya rako ni bakin hanya. Ya ce, “Ka san kullum in mun zauna sai ya ce Babana ya ce kaza, Babana ya ce kaza? Har na gaji da jin sunanka a gidana.”

Na kamo hanyar gida. Me ya sa shi take faɗa wa, ni ba ta faɗa mini ba?

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan La'asar

An yi karatu. “Haka ne, Baba?” “Haka ne, Baba?” Na ce kaina yana ciwo, muka tsaya.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan Magariba

Yau muka iso babin suka da yabo, inda malamai suke bayanin wanda ake karɓar maganarsa a kan maruwaici da wanda ba a karɓa. Na san babin yana tafe. Tun shekaranjiya nake jin takunsa.

Ta karanta ƙa'idar da muryar nan tata ta yanzu: cewa mutumin da aka san shi da kiyayewa, idan wani ya soke shi, ba a karɓar sukar sai mai sukar ya bayyana dalili, ya ce ga wuri kaza da ya yi kuskure.

Na ce, “Tsaya. Maimaita.” Ta maimaita.

Na ce, “Silvanus da ya ce kina kuskure, ya nuna miki wurin?”

Ta ce a'a.

“Ya faɗi sunan wanda ya yi ƙorafi?”

“A'a.”

“Kin koma kin duba aikin naki?”

Ta ce, “Na duba a waya, Baba. Ban ga komai ba. Na ɗauka rashin ganin ma daga rashin iyawar ne.”

Na ce, “To mene ne hukuncin wannan suka?”

Ta ce a hankali, “Ba a karɓa.” Ta ɗago kai. “Amma Baba Silva ba ya ƙarya. Me zai sa mutumin kirki ya yi sukar da ba ta da dalili?”

Na ce, “Wani lokaci roƙonsa ake yi.”

“Wa zai roƙe shi?”

Na ce, “Wanda yake jin nauyinsa.”

Ba na ganin fuskarta sosai daga inda nake zaune, hasken yamma ba ya isa zauren nan. Na dai ji ta daina motsi. Kaji suna ta hayaniya a tsakar gida. Can ta sa tsinken a shafin, ta rufe littafin, ta ɗora shi a kan matashi da hannu biyu kamar yadda na koya mata. Ta ɗauki mayafi da lema.

Ba ta nemi izini ba. Ni ma ban ce ina za ki ba.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan La'asar

Ba a yi karatu ba.

Talata, 29 ga Yuli, bayan La'asar

Tana fita da sassafe, ta dawo gab da Magariba. Abincina yana nan a rufe a kan lokaci, magani ma ba ta fasa ba. Tana gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, irin wadda ake yi wa baƙon da ake girmamawa.

Na ɗauki littafin na buɗe inda tsinken yake, na kai shi bakin ƙofa inda haske ya fi. Na ga baƙi a kan fari. Na mayar.

Watakila yanzu suna dariya. Watakila yana cewa “Daidai.”

Alhamis, 31 ga Yuli, bayan Azahar

Yau ake rufe shagon. Na sami kaina ina roƙon Allah kada ruwan nan ya katse musu netwok. Ban san hukuncin irin wannan addu'a ba.

Juma'a, 1 ga Agusta, da hantsi

Tana ɗiga magani na ce, “Kun gama?”

Ta ce, “Mun shigar da mafi yawa. Sauran sun tafi.”

Na ce ba yadda za a yi a samo su?

Ta ce, “Wasu ko sunansu ba mu kai ga gani ba. Da makonni biyun nan ba su faɗi ba, da mun kai.” Ba ta ɗaga murya ba. Ta rufe kwalbar ta fita.

Mutanen da ban sani ba, a garuruwan da ban sani ba, kowa ya zauna a ɗakinsa ya yi abinsa. Na sha gaya wa ɗalibai cewa maruwaicin da ba a rubuta ba ya mutu sau biyu. Ina faɗa ne ina jin daɗin yadda maganar ke fita.

Asabar, 2 ga Agusta, bayan Magariba

Da aka yi La'asar na zauna a zaure ban ɗauko littafin ba. Ban ga dalili ba.

Sai ga ta. Ta zauna a inda take zama, ta buɗe, ta ce, “Baba Silva yana gaishe ka. Ya ce masarar da ka ƙi ci tana nan.” Na ce ina amsawa. Har yanzu sunan nan yana sukata, ba zan yi wa takarda ƙarya ba.

Ta ja numfashi ta fara. Ba ta tsaya a kan kowane suna ba. Da ta kai wani maruwaici ta ce ya rasu a Makka, na ce Madina.

Ta ce, “Makka.”

Na ce, “Rahmatu, na karanta wannan tun ba a haifi mahaifiyarki ba.”

Ta ce, “Wancan daban ne, Baba. Sunansu ɗaya, sunan ubansu ɗaya, amma na Madina ɗalibin wani ne. Ka cakuɗa su. Ga shi nan a ƙasan shafi.”

Ta miƙo mini littafin, yatsanta a kan wurin. Na riƙe shi na ɗan lokaci. Sannan na ce mata abin da ban taɓa ce wa kowa ba, ko likita sai da ya matsa: “Ba na gani. Karanta mini.”

Ta karanta. Makka ne.

Na ce ban gamsu ba tukuna, a kawo wani littafin a gwada. Ta ce, “A kawo.” Ta tashi ta ɗauko, muka yi ta yi har aka kira Magariba, kuma na ji ƙaurin wani abu daga madafa.

Saura babi huɗu. Na sa a sayo mini alƙalami mai kauri da takarda mai faɗi, domin ijazar da hannuna zan rubuta ta, ko da haruffan za su yi girman na allon yara. Ana son shaidu a irin wannan zama. Ban yanke shawarar wanda zan kira ba, ko da yake Damaris za ta ce ta riga ta sani.

Ya Allah, Ka yi wa Rahmatu albarka, Ka sa ta fi malaminta. Ka saka wa maƙwabtana da alheri. Ka cire mini abin da Ka sani yana nan har yanzu. Kai kuma da takardar nan ta faɗa hannunka, Allah Ya kiyaye maka idonka da zuciyarka, Ya ba ka ɗalibin da zai yi gardama da kai, Ya kuma ba ka haƙurin jin yana ambaton wani malami. Amin.